Koren Fenti a Soron Baba

Soron da mahaifinmu yake ba da karatu a gidanmu na Hunkuyi, kakanmu ne ya gina shi. Ɗaurin guga ne mai tsawo, wato rufin ƙasa mai bakuna da suka haɗu a tsakiya, in ka ɗaga kai kana neman ƙololuwarsa sai hularka ta faɗi. Duk shekara bayan kaka matan gida sukan jiƙa farar ƙasa su shafe bangon da tsumma, iyakar inda hannu ya kai. Can sama kuwa an bar wa jemagu da zanzaro.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka yi wa yayana haihuwa. Shi akawu ne a Kaduna, ni kuma ina koyarwa a Makarfi, na zo gida hutu. Ana saura kwana kaɗan suna ya sauko daga mota da gwangwanayen fenti kore shar, da wani dunƙulen soso mai juyawa a jikin ƙarfe, wai shi rola.

"Mutanen ofishinmu za su zo," in ji shi. "Ba zan zaunar da su ƙarƙashin wannan baƙin rufi ba."

Baba ya dubi gwangwanayen, ya dubi rufin. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ku fitar mini da littattafaina tukuna."

Yaya yana cikin farin kaftani, saboda haka aikin ya faɗo kaina. Aka ɗaure rolar a bakin doguwar gora, na hau kan wata tsohuwar ganga, shi kuma ya tsaya bakin ƙofa yana nuna mini da yatsa.

Jan farko, maimakon fenti ya zauna, sai rolar ta kwaso kunkunniyar fitila da yanar gizo ta shekara da shekaru, ta dama su wuri guda. Na sake turawa, ta bi ta kan gidajen zanzaro ta murƙushe. Tsutsotsin da ke ciki suka zubo mini a fuska, masu laushi, wasu da sauran rai. Ɗaya ta faɗa cikin bakina. Na tofar, na sake tofarwa, ɗacin fenti da kananzir ya riga ya kai maƙogwaro.

"Yaya, a bari a share rufin nan tukuna," na ce.

"Babu lokaci. Ƙara tsomawa, zai rufe."

Jemagu suka fara tashi suna zagaya soron, suna sako fitsari. Zarninsu ya haɗu da warin fenti, ga zafi, ga koren ruwa yana bin gorar yana gangarowa ta hannuna har hamata. Can na cusa rolar cikin wani lungu tsakanin bakuna biyu, sai na ji 'yar tsuwwa, rolar ta yi nauyi. Da na sauko da ita, ɗan jemage ne manne a jikin soson, ya zama kore tun daga kai har ƙafa, bakinsa yana buɗewa yana rufewa.

"Ciro shi ka ci gaba," in ji Yaya.

Na kama shi da yatsu biyu na ja. Jikin ya taho, fiffike ɗaya ya zauna a soson. Na diro daga gangar, na zaga bayan rumbu na yi ta amai. Da zuciyata ta lafa na koma na ƙarasa, don wa ya fi ƙarfin ƙane.

Inna ta yi ta dirzar kaina da kananzir har fata ta yi zafi, daga baya sai wanzami aka kira ya aske gashin. Da aka kawo tuwo da miyar kuka, ina ganin yadda koren miyar yake yauƙi na ture kwanon. Na daɗe ban iya cinta ba.

Ranar suna fentin bai bushe ba. Baƙin Kaduna suka shiga, suka zauna a kan tabarmi suna yin ta maza, kowa yana numfashi ta baki. Ana cikin gaisawa wani guntun kashin jemage da ya sha fenti ya ɗigo a kafaɗar babbansu, kan farar riga. Mutumin ya dubi kafaɗarsa, ya ce da Yaya a hankali ko akwai inuwa a waje. A gindin durumin ƙofar gida aka ci shinkafar.

Yaya ya koma Kaduna, ya bar mu da soron. Damina na sauka fentin ya fara kumbura yana saɓulewa, yana faɗowa cikin tawada da kan alluna, kowane ɓawo da matattun ƙwari manne a bayansa. Baba ya mayar da karatunsa ƙaramin zaure. Da rani ya kira magini, aka kankare rufin har aka tarar da ƙasa, aka sake yaɓe. An gayyace ni in riƙe masa tsani, na ce ina da aiki a Makarfi.