Rigar Baba Hoda

A layinmu ba a san shi da wani suna ba sai Baba Hoda. Shekara ashirin da biyar ya yi yana yanka silin na asbesto da zarto a wata rumfa bayan tasha. Kullum ya dawo fari fat har gira, sai ka ce cikin buhun fulawa ya faɗa. Maƙwabta kuwa ba sa raga masa.

"Baba Hoda, wannan kwalliya haka, wace budurwa za a gani?"

"Wadda ta ƙi ka," in ji shi, ya wuce.

Dokar gidansa ɗaya ce: kayan aiki ba sa shiga ɗaki. A tsakar gida yake tuɓe riga, matarsa ta kama hannun rigar ɗaya, 'yarsu tilo ta kama ɗayan, su yi ta kakkaɓa suna atishawa suna dariya, wai kada ƙurar ta ɓata ruwan wanki. Da wannan yake cika baki: shi bai taɓa kai wa iyalinsa datti ɗaki ba.

Ya daɗe da rataye zarto lokacin da numfashin matar ya fara gajarta, haƙarƙari ya hana ta kwanciya. A asibiti likita ya ce, "Mama, a wane kamfani kika yi aiki?"

Ta nuna mijin da haɓa. "Kamfanin wannan tsohon. Girki da wanki, ba hutu."

Likita bai yi dariya ba. Ya ja Baba Hoda gefe, ya ce sankara ce ta kama fatar da ke lulluɓe huhu. Ƙurar asbesto ce ke kawo ta, takan yi lamo a ƙirji shekara talatin ko arba'in kafin ta tashi, kuma ba mai yankan kaɗai take bi ba, har mai wanke masa kaya.

"Akwai wanda ke taya ta wankin?"

"Babu," in ji Baba Hoda, idonsa a ƙasa.

Wata bakwai ta yi, Allah Ya karɓi abarSa.

Tun daga nan gidan ya yi masa girma. Kofi ɗaya, cokali ɗaya, igiyar shanya mai ɗauke da riga ɗaya. Ko tsokanarsa aka yi ta katanga, sai dai ya ɗaga hannu. 'Yar tana aure a wani gari mai nisa, duk Asabar take bugo waya, ita a saninta ciwon ƙirji ne kawai ya ɗauke uwarta. In ya ce ta je a duba ta, dole ya faɗi dalili. In ya faɗa, za ta san rigarsa ce sanadi. Ita kaɗai kuma ta rage mai ce masa Baba ba tare da Hoda ba.

Wata Asabar ya ji ta yi tari a waya.

"Mura ce, Baba. Yaran nan ne suka shafa min."

Sai ya faɗa mata, kaf, har da "babu" ɗin da ya ce wa likita.

Ta ce, "Ni ce mai kama hannun dama." Ta kashe wayar.

Asabar ta zagayo, wayar tana kan benci kusa da shi, ko ƙyas. Ya duba caji sau uku. Ya wanke rigarsa, ya shanya, ya zauna yana kallon ruwa na ɗiga.

Sai a Asabar ta biyu wayar ta yi ƙara.

"An ɗauki hoton ƙirjin. Ba su ga komai ba tukuna, sun ce in riƙa komawa." Muryarta ba yabo ba fallasa. "Kai mai zarton fa, an taɓa duba ka?"

"Ni? Ai ni garau nake."

"Jibi ina tafe, Baba. Ka nemo takalmanka, asibiti za mu."