Ƙafafun Mama Afiniki

Ba a taɓa yin mace mai zumunci irin Mama Afiniki Boaz ba, tun daga Kafanchan har gindin duwatsun Kagoro. Haka dai aka rubuta a ƙasan hotonta a kalandar Zumuntar Mata ta cocinsu, kuma ɗan ƙanwarta ne ya buga kalandar.

Duk da haka akwai gaskiya a ciki. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a firamare, da ta yi ritaya sai ta mayar da gaisuwa aikinta. In an haihu tana can. In an mutu ita ke fara isa, wani lokaci kafin dangin mamacin. Ko akuya ce ta ɓata, Mama Afiniki za ta ɗaura ankon zumunta, ta zura silifas, ta je ta ce sannu. Ba ta yarda da jajen bakin ƙofa ba. A wurinta, addu'a sai an tsaya daidai inda abin ya faru.

A unguwarsu, duk watan Oktoba mata kan sayi 'yan tsakin turawa su yi kiwo saboda kasuwar Kirsimeti. Wata shekara, na maƙwabciyarta Paulina suka fara mutuwa suna da kwana goma. Su takure, su saki fukafukai, da safe a kwashe su a kwano. Mama Afiniki ta je jaje. Ta shiga har tsakiyar ɗakin kajin, ta tsaya cikin garin katako ta tsawata wa ruhun mutuwa. Daga nan ta biya gidan Stella mai ɗinki, wadda nata ke lafiya lau, ta shiga ta roƙa musu tsari. Bayan kwana biyu na Stella suka soma. Ta koma jaje, ta wuce gidan Keziya neman tsari. Cikin mako biyu ta yi hidima a gida bakwai, kuma gida bakwai suka yi asara.

Sai ga Silvanus, jami'in lafiyar dabbobi, wanda kowa ke kira Dokta, da dogon takalmin roba. Ya tara matan a gindin mangwaro ya tambayi wa ke shiga ɗakunan kajin.

"Ba kowa, Dokta," in ji Paulina. "Sai ni. Sai Mama, da ta zo addu'a."

Haka ta biyu ta ce, haka ta uku. Kafin a kai ta bakwai, duk idanu sun sauka a kan silifas ɗin.

"Mama, da wannan takalmi kika shiga ko'ina?"

"To da wanne zan shiga, ɗana? Ƙafa nawa gare ni?"

Ya yi mata bayani cikin ladabi cewa cuta tana hawa takalmi kamar yadda mutum ke hawa acaba, a sauke ta a ƙofar wani.

"Kai, addu'ar Mama akwai ƙarfi," in ji Stella. "Duk inda ta ce amin, sai a kawo shebur."

Aka yi dariya, har da waɗanda ke hawaye. Ita ba ta yi ba.

Saboda tsoron murar tsuntsaye, aka kashe sauran da suka rage, aka zuba su a rami bayan filin ƙwallo, aka bi da farar ƙasa. Mama Afiniki ta tsaya daga nesa tana kallo. Daga baya ta bi lissafi kamar yadda ta saba kiran sunaye a aji: dubu ɗaya da ɗari tara da arba'in.

Babu wanda ya hana ta shiga gidansa. Kafin Ista matan sun manta, Oktoba na zagayowa suka sake saye. Ita ce ta kasa mantawa. Ta ajiye daro da ruwan magani a bakin ƙofarta, ta taka in za ta fita, ta taka in ta dawo, alhali ko kaza ɗaya ba ta da ita. Gaisuwa kuwa sai daga bakin titi, ta ɗaga hannu ta wuce. Da tsakar rana, idan unguwa ta yi tsit, takan ji su: kukan 'yan tsaki, siriri, kamar daga ƙarƙashin gado. Ta sha ɗaga katifa. A coci ma, lokacin da fasto ya ce kowa ya yi addu'a a zuciyarsa, shirun nan ne lokacinsu. Ciyawa ta daɗe da rufe ramin, amma har yau ba ta bi ta filin ƙwallo. Gara ta zagaya ta bayan kasuwa.

Haka ta yi shekara tara. Jarirai suka yi wayo ba ta ɗauke su ba, tsofaffi suka tafi ba ta zauna a tabarmarsu ba.

Ran da aka binne mijin Paulina, ta ɗaura ankonta ta je, ta tsaya a wajen katanga cikin rana. Silvanus, wanda shi ma ya yi ritaya, ya fito da faranti a hannu ya gan ta.

"Mama! Me kike yi a nan kamar mai gadi? Shigo mana."

"Ƙafata ba ta da kyau, Dokta. Kai ka faɗa."

Sai da ya yi tunani kafin ya gane. "Wai maganar kajin nan? Haba! Ai ba ke ba ce. Na aika gawarsu gwaji, sakamako ya zo bayan Kirsimeti. Ba mura ba ce, ciwon farin kashi ne, tun daga cikin ƙwai suka zo da shi. Duk gidajen nan bakwai a mota ɗaya suka sayi tsakin, daga wani wurin ƙyanƙyasa da ko rajista ba shi da ita. Da kin je, da ba ki je ba, mutuwa za su yi."

"Ba ka gaya mini ba."

"Na sa a rahoto, Mama."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunta. A ciki matan zumunta sun tayar da waƙa. Ta taka ta shiga a hankali, kamar mai ƙetare rafi. Wata baƙuwa da ba ta san ta ba ta matsa mata a benci, aka miƙo mata ruwan leda.

Motar 'yan tsakin tana zuwa har yanzu, kowace Alhamis. Layi ake yi.