Baƙon Kawu na Ƙarshe a Zangon Kumasi

Jega zuwa Yamai

Na bar Jega bayan sahur, azumi bai kai rabi ba, a shekarar da gwamnatin Gana ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita cikin mako biyu. Ni tela ne, kekena ne gonata, kuma barin keke ana gab da ɗinkin Salla ba ƙaramar asara ba ce. Amma Inna ce ta aike ni. Yayanta, Kawu Idi, ya tafi Kumasi fataucin goro tun tana budurwa, ya zauna can ya zama mai masaukin fatake. Sau ɗaya ya taɓa leƙo gida, lokacin ina goye. Tun da muka ji labarin korar a rediyo Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Tana tausayin mutane, amma a ranta tana ganin Allah ne ya kawo dalilin da za ta sake ganin ɗan'uwanta kafin ta mutu.

Ta rako ni har bakin zaure. "Ka tai ka taho mani da shi," in ji ta. "In ya ƙiya, ka ce mai idanuna sun hwara gajiya. Ina son in gan shi tun ina gani."

Motar albasa na samu, na hau can bisa buhuna. Mai azumi da warin albasa tun safe, ba sai na faɗi yadda muka kwashe ba. A Kamba sojoji suka sauke mu, don lokacin ba a gama yaƙi ba. Wani ya zazzage jakata ya tarar da almakashi, ya daɗe yana juya shi kamar ya kama makami. Na ce masa sana'ata ke nan, in yana da wandon da ya yage ya kawo. Bai yi dariya ba, amma ya sallame ni. Muka sha ruwa a Gaya da fura, muka kwana a tasha. Kashegari muka bi ta Doso muka shiga Yamai da la'asar. Ana gina gada a kan kogin, ba a gama ba, sai da muka jira jirgin fito.

Yamai zuwa Bawku

Tun kafin mu kai garin Fada muka fara karo da waɗanda aka koro. Mota bayan mota, kowace ta yi toroƙo da kaya, gadaje da turame da akwatuna, mutane kuma a can ƙololuwa sun rungume yara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dattijo da na hango ya rungume kan keken ɗinki, babu ƙafafun. Na san abin da ake ji kafin a raba keke biyu a bar rabi.

A kan iyaka, kusa da Bawku, ma'aikacin ya duba takardata ya dube ni. Bakusashe ne, yana jin Hausa sarai.

"Kowa yana fita, kai kana shiga. Lafiyarka?"

"Tsoho za ni ɗaukowa."

"To, ka taimake mu da aiki ke nan." Ya buga hatimi ya ba ni 'yan kwanaki, ya ce in wa'adi ya cika ina ciki, kada in ce ya san ni.

Salaga da Yeji

Daga Tamale na shiga motar wani Badagombe mai suna Alasan, mu uku kacal a mota mai ɗaukar mutum talatin. Ya tsaya a Salaga ya zuba wa injin ruwa. Tun ina yaro nake jin tsofaffi na ambaton Salaga, kasuwar goro da kakanninmu ke yi wa tafiyar watanni da jakuna. Na sauko ina neman birni, sai na ga ɗan gari shiru, ga tsofaffin rijiyoyi birjik a cikin ciyawa, awaki na kiwo a tsakaninsu.

"Ina mutanen?" na tambayi Alasan.

"Masu garin suka yi faɗa, baƙi suka watse. Baƙo in ya tashi, kasuwa ke bin shi." Ya tofar da yawu ya rufe bakin injin. "Yanzu ga Kumasi za ta gwada nata."

Muka ƙetare ruwa a jirgi zuwa Yeji. A can gaɓar, masu jiran fito sun fi ƙarfin ido, wasu sun kwana biyu a wurin, mata na dafa abin buɗa-baki a kan duwatsu. Mu kaɗai muka nufi kudu, suna ta kallonmu kamar mun ɓata hanya.

Zangon Kumasi

Na sauka tashar Kejetiya da hantsi, na ɗauki tasi zuwa Zango. Ban taɓa zuwa ba, amma na san unguwar a bakin fatake: wai masallaci a kowane lungu, Hausa a kowane baki, koko da ƙosai tun asuba, mutum ba ya kwana da yunwa. Masallatan na nan. Amma ƙofofi da yawa da kwaɗo, kuma a bakin hanya mutane sun baza kwanoni da kujeru da tukwane ana saye a wulaƙance.

Gidan Kawu babba ne, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, ga rumfar da ake tsince goro a naɗe shi a ganye. A ƙofar gidan wata Batoniya, 'yar asalin garin, mai gasa ayaba ta tare ni. Sunanta Mame Afuwa, maƙwabciyarsa ce tun matarsa na raye.

"Kai ne yaro na kanwa na Baba? Akwaba! Shiga, shiga. Baba ba ya ci abinci koraa, ka yi shi fada."

Na same shi a zaure, dogo, siriri, goshin Inna sak. Na durƙusa na gaishe shi. Ya riƙe kaina da hannu biyu ya daɗe bai saki ba. Sannan ya karɓi jakata da kansa, duk da na hana, ya kai ni ɗaki, ya shimfiɗa mini tabarma, ya ajiye buta. Da na buɗe baki zan faɗi abin da ya kawo ni, ya ɗaga hannu. "A gidan ga ba a tambayar baƙo sai ya huta."

Kwana biyu ina kallon aikinsa. Baƙinsa na tashi ɗaya bayan ɗaya, Kanawa, Zabarmawa, Yarbawa, wani Babarbare mai sayar da turare. Kowane sai Kawu ya raka shi da ƙafa har tasha, ya ga ya samu wurin zama, ya damƙa masa goro a ganye, ya yi masa addu'a. In ya dawo ya share ɗakin, ya bar ƙofar a buɗe. Ina lissafi a raina, ina cewa in ɗakunan suka ƙare sai mu ɗaure kaya.

Ashe saura ɗaya. A ɗakin ƙurya akwai Hamani, wani Bazabarme ɗan dako, wanda ya sauka da niyyar kwana kaɗan shekaru da yawa da suka wuce, bai tashi ba. Ciwo ya kwantar da shi, ƙafafunsa sun kumbura, ko zama ba ya iyawa. Kawu ne ke tallabo kansa ya ba shi koko da ludayi.

Rana ta uku, bayan mun sha ruwa, na isar da saƙon Inna kalma da kalma. Hawaye suka zubo masa har gemu, bai share ba.

"Hajo ke nan," in ji shi. "Amma ɗana, mai masauki ba ya riga baƙonshi tashi."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce mu sa Hamani a mota. Ya ce ba zai kai Yeji da rai ba, kuma na san gaskiya ne. Mame Afuwa da ke bakin ƙofa ta ce a bar mata shi, za ta duba shi kamar ɗan'uwanta. Kawu ya yi mata godiya, ya ce baƙo ba kaya ba ne da za a ba da ajiya.

"Kawu," na ce, "garin nan ya ce ba ya son ku. Me kuke kare wa?"

"Gwamnati ta ce, ba gari ba." Ya gyara zama. "Kai kana tsammani goro at tara mutane nan? Goro na nan a dazuzzuka da yawa, wa ka zuwa? Ranar da na sauka Kumasi ban san kowa ba, ban jin ko 'zo' da Tonanci. Wani tsoho ya amshi kayana, ya nuna mani tabarma, kwano ya hito daga cikin gida. Ya kai ni kasuwa ya tsaya mani. Ya nuna mani masallaci, ya ce in ajali ya zo akwai masu wanka, akwai ƙasa a maƙabartar Tafo. Wanda anka yi ma haka, in ya koma garinsu shi as sanƙira, ya ja mutum goma. Da Mauludi malamai ka tahowa daga Kano, daga Yamai, har daga Tumbutu, gidan ga ya cika paa, ni in kwana a zaure. Ba ganga ta kira su ba. Labari sunka ji cewa a Zango ba a yar da baƙo. To yau in bar mutum kwance in hau lori, a ce da mi?"

Daga ɗakin ƙurya muka ji muryar Hamani, a raunane. "Baba, tafi. Bar ni."

"Kai dai sha kokonka," in ji Kawu.

Na ce to in 'yan sanda suka zo fa? Mame Afuwa ta buga ƙirji. "In polis ya zo, ni za ce shi miji na ni ne!"

"A'uzu billahi!" in ji Kawu. "Da azumi, Afuwa?" Muka yi dariya mu duka, har Hamani ya yi tari. Dariyar da na ji ke nan a Kumasi.

Kwanakin takardata suka kusa ƙarewa. Na yi roƙo, na yi fushi, har na ƙi cin sahur, duk a banza. Da safe ya ɗauki jakata ya raka ni tasha kamar sauran. Ya sa aka matsa mini wuri, ya miƙo mini ƙunshin farin goro, ya ce na Hajo ne, in riƙa yayyafa masa ruwa. Ya ce in ya sallami baƙonsa, ta ko wace hanya Allah ya so, yana nan tafe. Motar ta tashi, na ga ya juya da sauri, don lokacin juya Hamani a shimfiɗarsa ya yi.

Komowa

Hanyar da na yi a 'yan kwanaki sai da ta ninka. Mun kwana a Yeji, mun kwana a kan iyaka a fili. Bayan Fada wata tsohuwa ta cika a cikin motarmu, muka tsaya muka yi mata sutura a gindin wata kuka, babu wanda ya san sunan garin.

Kusa da ni akwai wani makaniki, Musa, da matarsa da yara biyu. A Kumasi aka haife shi, aka haifi ubansa. Abin da ya sani kawai shi ne kakansa mutumin Jega ne, ko sunan unguwar bai sani ba. Ya yi ta tambayata, "Masta, Jega yana da girma? Akwai garejin gyaran mota a can? Ana samu ayaba?" Ina ba shi amsa da rabin baki, don hankalina na kan abin da zan gaya wa Inna.

Jega

Muka iso ranar jajibirin Salla da la'asar. Su Musa suka ce za su zauna a rumfar tasha tukuna su ga abin da Allah zai yi. Na yi musu sallama na nufi gida.

Inna na bakin zaure. Ta dube ni, sannan ta leƙa bayana, ta daɗe tana kallon hanya. Na ga ta sa an shafe ɗakin da ke kusa da zaure, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga buta sabuwa. Na durƙusa na ba ta goron, na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta kwance ganyen, ta shafa goron da yatsa. Sannan ta ɗago ta tambaye ni.

"Baƙon nan, wa ka ba shi ruwa?"

"Kawu, da hannunsa."

"To madalla. Haka babanmu ya yi." Sannan ta ce, "Motar da kat taho, ba wanda ya sauka bai da wurin kwana?"

Na ce akwai.

"Mi kaka jira? Ɗaki na nan a share."

Na koma tasha na kwaso su Musa. Su suka kwana a kan tabarmar Kawu, da su muka je idi, kuma a ɗakin nan matar Musa ta haifi ɗanta na uku. Bayan Babbar Salla wani bafatake ya kawo mana labari cewa Hamani ya rasu, Kawu ya kai shi Tafo, ya dawo ya share ɗakin, ya fara haɗa kaya, zazzaɓi ya kama shi, bai tashi ba. Kusa da baƙonsa aka sa shi. Inna ba ta gan shi ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Alasan da Mame Afuwa da duk wanda ya miƙo mini ruwa a hanya. Allah ya jiƙan Kawu Idi da Hamani da tsohuwar gindin kuka. Ɗakin nan kuwa, har Inna ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda an sa masa kwaɗo ba.