Tukunyar Iri

Wata Laraba da la'asar, a daminar shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, hadari ya haɗu ta gabas da Kontagora. Kowa a unguwarmu na murna, ban da ni. Shekarata tara. Ruwan farko ya riga ya yaudare mu: Baba ya yi shuka, dawa ta tsiro, sai sama ta ɗauke kusan wata guda, tsiron ya bushe ƙurmus. Abin da ya rage mana iri ne tukunya ɗaya, wanda Inna ta cakuɗa da toka saboda ƙwari, ta rufe da kasko, ta ajiye bayan rumbu.

Ni kaɗai na san halin da tukunyar nan take ciki. Kullum in mun dawo ɗiban ruwa daga rafi, ni da ƙawata Saratu, 'yar maƙwabtanmu Kambari, sai in ɗebo tafi guda, mu busa tokar, mu soya a bayan danga mu tauna. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, amma ba zan laɓe bayan yunwa ba, har da kwaɗayi. Don kada a gane, nakan zuba yashi a ƙasa in mayar da iri a sama. A ganina na ƙure wayo.

Ruwa ya sauka sosai. Washegari da sassafe Baba ya saɓa sungumi, ya ce a juye iri a ƙwarya. Ina tsaye Inna ta kifa tukunya, yashi ya biyo. Irin bai kai rabin ƙwarya ba. Ba a tambayi kowa ba, kukana ya tona ni. Na so a ce dukana Baba ya yi, amma sai ya zauna a kan turmi ya zuba wa yashin ido.

Uwar Saratu ce ta leƙo ta kan danga. Da ta ji abin da ya faru, sai ta karɓi ƙwaryar ta ce, “Danshin nan ba zai kai jibi ba, ku jira ni.” Ta bi unguwa gida-gida, na masu zuwa coci da na masu zuwa masallaci, kowa ya tsakuro daga ɗan abin da ya rage masa. Kafin hantsi muna gona.

Da kaka ta yi, gonarmu ta fito launi uku, duk mai wucewa sai ya tsaya ya kalla. Baba ya kama hannuna ya kai ni tsakiyarta, ya ce, “Duba da kyau, Ladi. Jar nan ta gidan su Saratu ce, kaura ta gidan liman, farar ta gidan maƙeri. Tamu kuwa tana cikinki.”

Yanzu a shago ake sayen iri, dangar ta zama katangar bulo, ba mai leƙo wani. In na ga gona mai launi ɗaya tas, sai in ce a raina, mai wannan bai taɓa bukatar kowa ba.