Karen Gidan Abhur

Ba a daɗe da babbar salla ba karen ya fara ramewa. A lokacin ni ke girki a gidan wani Bature a Abhur, wata unguwar masu kuɗi a ƙasar Larabawa, goggona, ƙanwar mahaifina, tana wanki da guga. Iƙamarta, wato takardar izinin zamanta, a hannun maigidan take, shi ne kafilinta da ya tsaya mata da sunansa, kuma ita da ta zo ƙasar nan da ƙafa tun tana budurwa ba ta da kowa a gida da za ta koma wa. Kullum da safe motar gidan ke ɗauko mu daga unguwarmu, Nuzla.

Kare ne baƙi, ƙato, ya fi wasu mutanen gidan gata. Sai ga shi gashi ya dushe, ciki ya kumbura, haƙarƙari a waje, yana amai, yana jan gindi a kan tabarmar falo. Madam, matar Baturen, ta ji labarin baladiya, wato hukumar gari, na zuba wa karnukan titi nama mai guba, kuma ta san yadda muke tsame riga in ya matso. Ta tara mu a kicin, ni da goggo da mai lambu, wani ɗan Yaman, ta ce da Larabcinta na tsince-tsince wani yana ba karenta guba, kuma duk wanda ta kama, halas, wato aikinsa ya ƙare.

Daga ranar gidan ya lalace. Madam ta kulle sito, ita ke buɗe gwangwanin abincin karen da hannunta, in na juya miya sai in ji idonta a ƙeyata. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da nake dafa abin da 'yarta ke ci, sai a kan kare za a ƙi yarda da ni? Mai lambu na hararata, ni ina harararsa, don a ɗakinsa maganin ƙwari yake. Amma can ƙasan raina goggo nake tsoro. Babu wanda ya kai ta zagin karen. In ya shinshina zanen da ta shanya sai ta sake wankewa tana tsine masa, kuma na lura bayan azahar takan ɓace bayan katangar wanki da ƙulli a gefen zane.

A mota na raɗa mata, “Goggo, me kike kai wa bayan katanga?”

Ta ce, “Ke 'yar nan, polis kika zama? Yalla, matsa mini.”

Tuwon ranar bai shiga ba.

Daga ƙarshe maigidan ya kawo likitan dabbobi, wani Bamisire mai tumbi. Ya taɓa cikin karen, ya duba dasashi, ya sa mai lambu ya nuna masa inda yake kashi, ya tona da tsinke. Ya kira mu mu gani, wasu abubuwa ne farare kamar ƙwayar shinkafa suna motsi. Ya ce babu wata guba, tsutsar ciki ce, irin mai faɗi, kuma da wuya a rasa doguwar nan mai kama da taliya. Ya bar ƙwayoyi, a ba shi da safe kafin ya ci komai, a ƙona kashin, a maimaita bayan sati biyu don waɗanda suka yi saura. Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka.

Sai ya tambaya wa ke ba karen ɗanyen kayan ciki. Ya ce irin wannan daga huhu da hantar rago take zuwa, masu ƙurajen ruwan nan da mahauci ke yankewa ya yar, kuma akwai wadda ke tsallakawa daga kare zuwa yaro mai wasa da shi. Madam ta janyo 'yarta jikinta. Ni kuwa na tuna tun layya goggo ke tsayawa wurin mahaucin unguwarmu tana karɓar tarkace, wai na kyanwa ne.

Washegari aka zo ba da magani, kare ya ce bai san zancen ba. Madam ta tura masa ya tofar. Maigidan ya danne shi ya kusa rasa yatsa. Aka naɗe a cuku, ya lashe cukun ya bar ƙwayar. Madam ta zauna a ƙasa tana kuka, karen yana kwance yana haki. Goggo na can bakin igiya da kwando. Na yi mata ido, ina roƙonta a zuci ta tsaya inda take.

Ta ajiye kwandon ta zo. Ta karɓi ƙwayar, ta tsuguna, ta ce, “Kai la'ananne, buɗe baki.” Karen da ya ƙi kowa ya miƙe yana kaɗa wutsiya, ya ɗora haɓa a gwiwarta, ya haɗiye ƙwayar daga tafin hannunta. Madam ta daina kuka, ta dubi wutsiyar, ta dubi goggo.

Goggo ba ta jira tambaya ba. Ta ce da ni, “Faɗa mata, abincin gwangwani ba abinci ba ne. Rai ne da shi, yana kallona ina cin nama. Wallahi ban san akwai cuta a ciki ba.”

Na faɗa mata da Larabci, na ƙara da nawa roƙon, har na ce goggo ba ta da inda za ta. Madam ta saurara har ƙarshe, hannunta a kan 'yarta. Sannan ta ce goggo za ta zauna har a ba shi magani na biyu, tun da daga hannunta kaɗai yake karɓa, bayan nan maigida zai cire sunansa daga takardarta.

Sati biyun nan goggo ta yi wankinta fes, ba ta roƙi kowa ba. Ranar ƙarshe ta ba shi ƙwayar, ya haɗiye. Karen ya warke sumul, gashinsa har ƙyalli yake. Washegari da safe mota ta tsaya a Nuzla, na shiga ni kaɗai, direba ya saba jiran mutum biyu, sai da na ce masa mu tafi.