Ƙullin Igiyar Guga

A ƙauyenmu, can bayan duwatsun Roni, ba mu da ma'aunin ruwa sai igiyar gugan Inna. Duk bazarar da ruwan rijiyar gidanmu ya ja baya, sai ta ƙulla wa igiyar wani guntu. Kafin in zama budurwa igiyar ta koma ƙulli bisa ƙulli, tana ci mini tafin hannu.

Ruwa ba ya tsami banza. Tun da Yaya, babban wanmu, ya kafa injin ban-ruwa a fadamar bayan gida ya zuba albasa, rijiyar ta fara rowa. Baba ya gaya masa ruwan ƙasa ƙwaryar fura ɗaya ce, kowa da ludayinsa. Yaya ya durƙusa, cikin ladabin nan nasa mai ban haushi, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka Baba, ina fadama ina tsakar gida?"

Ranar da guga ya fito da taɓo zalla, Baba ya ce da kansa zai shiga ya yashe rijiyar. Mutumin da sai ya dafa bango yake tashi daga sallah! A wurinmu ba a shiga rijiya sai an zura fitila: in ta ci gaba da ci akwai iska, in ta mutu, wanda ya shiga ma ba zai fito ba. Ni na zura ta da hannuna. Ba ta kai ƙasa ba ta mutu.

"A sake," in ji Baba. Ta sake mutuwa.

Ya tuɓe riga ya fara ɗaura igiya a ƙugu. Inna sai salati take yi. Tsoro da fushi suka haɗe mini, na kwasa da gudu ko mayafi babu, sai fadama. Injin na ta ruri, ruwa na kwarara cikin fangalin albasa.

"Yaya, fitila ta mutu kuma Baba zai shiga rijiya! Da ganyen albasarka za mu yi masa likkafani?"

Ya dube ni, ya dubi albasar da ta fara sa kai. Ya kashe injin.

Muka tarar da Baba zaune a bakin rijiya, ƙafafunsa na reto a ciki. Ya riga ya ji ƙarar injin ta ɗauke. Da ya gan mu, sai ya janyo ƙafafunsa waje.

Rabin albasar ta ƙone a rana, don Yaya bai ƙara tada injin ba sai ɗan lokaci da safe. Da aka kwana biyu ruwa ya ɗan taru, Inna ta kwance ƙulli ɗaya. Sauran kuwa, har ta rasu suna nan.