Talatar Kawu Tahir

Shekara bakwai Zaharaddini ɗan Sakinatu ya yi a Khartum yana rubuta wa kwamfuta umarni, a wani kamfani mai gyaran layin dogo. Aikin ya dace da shi, don tun yana yaro a ƙauyensu na kusa da Suki ba ya ƙaunar doguwar gaisuwa. Kwamfuta kuwa ba ta tambayar gajiya, ba ta zuwa suna. Ka ce ta yi, ta yi.

Da manya suka ga ya iya aikinsa, sai suka saka masa yadda suka saba: suka raba shi da aikin. Aka ba shi mutum goma sha huɗu masu gyaran layi tsakanin Sinnar da Suki, aka ce shi ne shugaba. Rabinsu sun san shi tun yana yawo ba wando. Ɗaya kuwa Kawu Tahir ne, yayan mahaifiyarsa.

To yaya mutum zai durƙusa ya gaida kawunsa, sannan ya miƙe ya ce masa ɗauki guduma? Zaharaddini ya koma ga abin da ya sani. Ya rubuta manhajar da ke raba aiki ta waya, tana kuma lura da masu fashi. Wanda ya yi fashi uku, sunansa zai yi ja, ya tafi kai tsaye teburin mudir, wato babban manaja. Ya yi ta yi wa mudir alfahari cewa abin ba sani ba sabo.

Sati biyar, suna ɗaya ya yi ja: na Kawu Tahir. Talata uku, kowacce sati biyu tsakaninta da 'yar'uwarta. Mudir ya ce nan da kwana goma sha biyar, ko Zaharaddini ya kawo dalili ko ya sa hannu a takardar sallamar Kawu. Ashe wanzami ba ya son jarfa. Zaharaddini ya ji tsoro sosai, don ya san idan ya kori kawunsa, ba shi da idon da zai kalli uwarsa da shi.

Ya tura wa Kawu saƙo uku. Kawu ya amsa da murya, ya gaishe shi, ya gaida iyali, ya tambayi zafi, ya kashe. Ya tambayi ma'aikata lokacin karin kumallo, duk suka duƙufa kan farantin wake. Usmanu mai walda ne kaɗai ya ɗago, ya kira shi da laƙabin babban injiniya.

"Bashmuhandis, na'urar taka ba ta hwaɗa maka ba? Mu mun aza ta san komi."

Ran Talata ya hau babur da takalminsa na ofis, ya bi sawu. Bai sami Kawu a gida ba, bai same shi a gonarsa ba. Can gaba ya hango shi tsundum cikin laka har gwiwa, yana buɗe wa ruwa hanya da shebur zuwa cikin gyaɗa. Zaharaddini ya gaishe shi, ya fara jawabin da ya haddace a hanya kan doka da tsari. Kawu ya bar shi ya kai aya.

"Khalas, ka gama? To hawashar wa ta wagga da kake tsaye ciki?"

Zaharaddini ya duba hawashar, wato gonar, gabas da yamma. Bai gane ta ba.

"Ta babanka ta. Shekara huɗu da rasuwatai. Ruwa na zowa ran Talata, sati biyu-biyu, kuma ba shi jiran bashmuhandis. Shugaban da ka gada ya sani, ni kan rama mishi ran Juma'a."

Buhunan gyaɗar da Sakinatu ke aika masa Khartum duk kaka suka faɗo masa a rai. Ya ci, ya ba maƙwabta, har ya taɓa ƙorafin ba a ɓare ba. Bai taɓa tambayar wanda ke ba gonar ruwa ba. Kunya ta rufe shi, ya cire takalmi.

Washegari ya gaya wa mudir cewa kuskuren daga wanda ya rubuta manhajar ne. Ya zauna da mutanensa ɗaya bayan ɗaya, da gaisuwa da komai, ya shigar da ranar ruwan kowa cikin jadawalin.

Bayan sati biyu, ran Talata, Kawu Tahir yana kan layi yana ɗaure ƙusoshi. Mutum ɗaya manhajar ta rubuta wa fashi a ranar, shugaban da kansa, yana can gonar babansa da shebur. Bai goge ba.